Shekarar da Na Koma Aji, Yayarku Ta Fita Daga Nata

Na san abin da kuke faɗa tsakaninku, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa a gabana. Kuna cewa na koma makaranta bayan furfura ta fara leƙowa a kaina ne don an kawo wani yaro an ɗora shi majo, wato shugaban ƙaramin asibitin da nake aiki, zuciya ta ɗebe ni na ce sai na kamo shi. Ƴar'uwarku Balki ta taɓa sakin maganar ranar sunan ɗanta, tana tsammanin ina bayan gida. Ban yi fushi ba. An ɗora yaron kam, kuma abin ya sosa mini rai kwana biyu, ba zan ɓoye ba. Amma ba shi ya kai ni Maraɗi neman lisansi, wato digirin farko, ba. Wata mata ce ta kai ni, sunanta Baraka, kuma ba ku taɓa jin sunanta a bakina ba saboda kunya. Yanzu da na ajiye aiki, idona kuma ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iyawa.

Baraka matar wani masunci ce a unguwar bakin tabki. Doguwa, mai saurin dariya, tana soya kifi ranar kasuwa. Rabin rayuwarta a cikin ruwan nan take yinta: wanki, wanke-wanke, gyaran kifi, wanka. A lokacin na kusa shekara ashirin ina aikin jinya da diplomata, kuma a Madarumfa ba wanda bai san hannuna ba, don jijiyar jaririn da ta gagari kowa ni ake kira in nemo. Ta zo mini da ciwon mara da ƙaiƙayi da ruwa mai fita, wani lokaci har da ɗan jini, ga shi shekara biyar da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Na duba littafin da muke bi, alamun suka faɗa gidan ciwon da ake ɗauka wajen kwanciya. Na ba ta magani, na ce ta turo mijinta shi ma ya sha, don haka ƙa'ida ta ce. Bayan wata biyu ta dawo da ciwonta. Na canja magani. Ta sake dawowa. A zuwa na huɗu ko na biyar mijin ya biyo ta, ya tsaya bakin ƙofa da hularsa a hannu.

"Likita," in ji shi, don haka suke kiranmu duka, "ni lahiyata lau, kuma na sha abin da kinka ba ni. In ni ba ni da komi, ita kuma kullum tana sake kamuwa, daga ina take ɗauko shi?"

Na ce, "Wannan ba ni zan faɗa ba. Ni dai magani nake bayarwa."

Na ɗauka na yi dabara, na tsame kaina daga rigimar gidan wani. Ban ce ta yi komai ba. Amma namijin da zargi ya riga ya shiga ransa, shirun likita ya ishe shi shaida. Kafin a yi girbi ya sake ta. Ta koma gidan iyayenta a wani ƙauye ta wajen Gabi, maganar kuma ta riga ta isa can.

Bayan kamar shekara guda aka turo mana wata babbar likita ta yi kwana uku tana ƙara mana sani. A rana ta biyu ta ɗauko zancen tsargiya. Ni tsargiya na san ta, ko kuwa haka nake tsammani: ciwon yara maza ne masu iyo a tabki, su yi fitsarin jini, a raba musu ƙwaya a lakwal, wato makarantar boko, har wasu iyaye na ɗaukar abin alamar balaga. Sai matar nan ta ce a jikin mace ƙwan tsutsar yakan maƙale a hanyar haihuwa, ya kawo ƙaiƙayi da ruwa da jini, ya hana ciki zama, kuma sau da yawa ana ruɗa shi da ciwon kwanciya. Ta ce kafin ka rubuta wa mace komai, ka fara tambayarta da wane ruwa take wanka. Bik ɗina na rubutu yana hannuna, amma ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Na tashi na fita na tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke tsakar asibiti. Sau biyar matar nan ta zauna gabana da ƙarnin kifi a zanenta, ban taɓa tambayarta ruwa ba.

Ran Lahadi na hau moto, wato babur, na nemi ƙauyensu. Na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta rame, dariyar nan babu. Na ba ta maganin, na yi mata bayani dalla-dalla, na ce kuskurena ne. Ta daɗe tana juya ƙwayar a tafin hannunta.

"Ashe ruwa ne," ta ce. Can kuma ta ɗago. "To likita, ni dama na san ban yi komi ba. Shi hwa, wa zai hwaɗa mashi? Matan bakin tabki, wa zai hwaɗa masu?"

Na ce ni zan faɗa. Kuma na je. Na same shi yana ɗinkin taru a gindin wata tsamiya, ya riga ya yi wani auren. Ya saurare ni har na gama bai ɗaga kai ba, sannan ya ce:

"Da can ma da sani kinka yi magana, yanzu ma da sani kinka zo. Wane sanin zan ɗauka?"

Na juya na kama hanyar gida. Da wannan tambayar na kwana na tashi wata da watanni. Na gane hannuna ya ƙware, amma kaina ya tsaya inda aka bar shi ranar da na fito makaranta. Ina bin littafi kamar makaho da sanda, in sandar ta kauce ni ma na kauce.

Wadda na fara tunkara ita ce Saratu, ƙawata tun makarantar jinya, Kirista ce ƴar Maraɗi, ita ta riga ni yin lisansin. Na zauna a ɗakinta na zazzage mata tambayoyin da ke cina, irin waɗanda yau ƙananan ma'aikata ke zuwa su yi mini. Za a mayar da ni aji ɗaya ne in zauna da waɗanda ba su taɓa riƙe allura ba? Ta ce a'a, makarantar da ta yi suna duba tsohuwar diplomar mutum da shekarun aikinsa, su ɗora daga nan. Sai na bar aiki? Ta ce ba dole ba ne, karatun na yamma ne da ranar Asabar, in majo ya yarda a gyara mini lokutan aiki, amma akwai watannin sitaj, wato koyon aiki, da dole in zauna babban asibiti a Maraɗi, a ƙarshe kuma in yi bincike in rubuta shi in kare a gaban malamai. Albashi zai motsa? Ta yi dariya ta ce zai motsa kamar yadda kunkuru ke motsi. Na ce to kaina zai ɗauka kuwa, ni da na manta rabona da aji?

"Kanki zai ɗauka," in ji ta. "Gidanki ne ban sani ba."

A gida kuwa kakarku Iya, uwar babanku, ita ta fara. Tana zaune tana tsinkar zogale na faɗa mata.

"Allurar da kike yi shekara ashirin, ashe ba ta shiga?" ta ce. "Mi takardar za ta ƙara maki, hannu na uku?"

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Iya bakinta ne kawai, amma ita ke riƙe da gidan nan duk lokacin da nake wurin aiki, kuma da ta gama tsiyarta ta ce in tafi, tuwo ba zai gagare ta ba. Babanku bai yi dariya ba. Kun san shi, malamin lakwal ne, ba ya magana sai ya auna. Ya bari sai washegari da hantsi muna zaune mu biyu a zaure.

"Ban hana ki ba," ya ce. "Amma bana Hadiza ke ajin ƙarshe a koleji, jarrabawar birbe ke gabanta. Ki jira baɗi."

Na ce, "Baɗi ƙanenta Sani ke da tasa. Baɗin baɗaɗa kuma wani abin zai taso. In na ce sai gida ya yi shiru, sai dai in yi karatun a kabari."

Yayarku tana wanke-wanke a bakin rijiya, ashe tana jinmu. Ta leƙo da hannunta duk kumfa.

"Baba, ka bar ta ta tahi. Iya na nan, ni ma ina nan."

Shekararta goma sha shida. Na ɗauki maganar yarinya na riƙe kamar takardar izini daga hukuma, don ita ce maganar da nake son ji.

Watannin farko sun yi mini daɗi, kuma wannan ma sai na faɗa muku gaskiya. In tashi aiki da azahar, in shiga taksin Maraɗi da farar rigata a leda, in zauna a benci tsakanin yaran da wasunsu ni na yi musu rigakafi suna jarirai. Maman aji suke kirana. Sun fi ni saurin rubutu, ni kuma na fi su sanin yadda fuskar yaro ke canjawa kafin ya shiɗe. Na'urar kwamfuta ta ba ni kunya, yatsuna da ke samun jijiya cikin daƙiƙa suka kasa samun harafi, kuma yaron nan majo da kuke cewa don shi na tafi, shi ya riƙa zama da ni bayan an sallami marasa lafiya yana nuna mini inda zan danna. A aji na koyi abin da ban taɓa koya ba: in aka ce ana yin abu kaza, ka tambaya don me, wa ya gwada, a kan su wa. Wani malaminmu in ka ba shi amsa daidai sai ya ce to ta yaya kika san daidai ce. Na tsane shi sati uku, daga baya na gane dominsa na zo. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai bincika, ban yi dogon tunani ba, na ce matan bakin tabkin Madarumfa.

Ana saura kwana kaɗan in fara sitaj, Iya ta faɗi a bakin murhu da safe. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Da muka dawo da ita daga asibiti ba ta iya tashi, ba ta iya kai loma baki. Gwaggonku ta zo daga Najeriya ta yi sati biyu ta koma, ita ma da nata ƙananan. Na samo wata mata maƙwabciya ta riƙa taimakawa, Iya ta juya fuska bango ta ƙi, ta ce da karkataccen bakinta bare ba zai ga tsiraicinta ba. Ɗanta kuwa namiji ne, shi ma ba ta yarda. Saura wa? Ni na ɗauki jakata na koma ɗakin Saratu daga Litinin zuwa Asabar. Wanka da juyawa da ɗura kunu da wankin zannuwa, ga girkin mutum shida, duk suka faɗa kan yayarku.

Wata rana da azahar aka ce ana nemana a ƙofar babban asibitin. Babanku ne a kan moto, bai ko kashe ta ba.

"Malaminsu ya same ni," ya ce. "Satin jiya kwana biyu ta je aji. In ta je ma barci take. Ki roƙi makaranta su ɗaga maki zuwa baɗi."

Na ce, "In na bar sitaj yanzu, shekarar duka ta tashi a banza. Saura wata huɗu, Malam."

"Ita ma saura wata huɗu," ya ce.

Ya juya motonsa ya tafi. Har Allah ya karɓi ransa bai sake ɗauko zancen nan ba, kuma da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Lahadin da ta biyo baya ina gida, na shiga ɗakin Iya da hantsi, sai na ga kayen lissafin yayarku, littafin da take rubuta darasi, a buɗe a kan tabarma. Na ɗauka. Ta rubuta kwanan wata a saman shafi da kyakkyawan rubutunta, ta ja layi da jan bik, ƙasa kuma babu komai. Na buɗe na gaba, haka. Na gaba, haka. Darasi na ƙarshe da ta rubuta ya kai sati biyar. Na tsaya da shi a hannuna, na san sarai abin da nake gani, ni da aka koya wa karanta alamu. Sai na rufe shi na mayar inda yake. Na yi wa Iya wanka, na dafa miyar kwana biyu, na kira yarinyar na nuna mata yadda ake juya mara lafiya don kada bayansa ya yi gyambo, da inda ake sa matashi. Abin da na koya wa ƴata ke nan a shekarar jarrabawarta. Litinin da sassafe na shiga taksi.

Na yi ta gaya wa kaina cewa tana da ƙwaƙwalwa, za ta kamo. Na ce ko ta faɗi za ta maimaita, yarinya ce, ni kuwa tawa damar ba ta dawowa. Na ce matan bakin tabki suna jirana. Duk waɗannan akwai gaskiya a ciki. Amma akwai kuma wadda ta fi su: ina son karatun nan, na daɗe ban ji kaina a raye haka ba, kuma na ji tsoron in na tambaye ta za ta ce in dawo.

Ranar da sakamako ya fito babanku ne ya je ya duba. Ya dawo ya jingina moto, ya ɗauki buta ya yi alwala alhali lokacin salla bai yi ba. Nan muka gane. Ita kuwa tana ba Iya kunu, ba ta ajiye ludayin ba sai da ƙwaryar ta ƙare. Bayan sati uku ni kuma na tsaya gaban malamai na kare bincikena, suka yaba, har wannan mai yawan tambayar ya miƙe ya gaishe ni. Na dawo gida da labarin a bakina na rasa wanda zan ba. Da makaranta ta buɗe muka ce ta maimaita, babanta ya lallashe ta, ni ma na yi, ta ce ba ta zama aji ɗaya da ƙannen ƙawayenta, kuma wa zai kula da Iya. Iya ta ƙara shekara guda kafin ta rasu, a hannunta. Daga nan ta shiga koyon ɗinki.

Kuna iya tambaya ko takardar ta yi amfani. Ta yi. Na dawo asibitinmu ba macen da za ta zauna gabana da ciwon mara ban tambaye ta ruwanta ba, kuma na koya wa duk wanda ya yi aiki tare da ni. Na riƙa zuwa bakin tabki ranar wanki ina zama da mata muna magana a fili, har mazansu suka fara tsayawa daga nesa suna saurare. Akwai auren da na san da ya mutu da ba a yi tambayar nan ba. Baraka ta samu sauƙi, na ji ta yi aure can wajen su, amma ban ji ta haihu ba, kuma abin da aka faɗa a kanta bai gama goguwa ba. Sai dai kada ku ɗora wannan a sikeli ɗaya da yayarku ku ce ya rinjaya. Na yi shekaru ina gwada awon nan, ba ya yiwuwa. Matan ba su san ta ba, ita kuma ba ta ci ribarsu ba.

Bara, ana saura sati biyu Sallah, na je shagonta da yadi a hannu kamar mai kawo ɗinki. Kun san yadda shagon yake a irin lokacin, kaya har rufi. Na jira ƴan koyonta suka fita cin abinci, muka rage mu biyu. Kunyar ɗan fari ta sa tsawon rayuwarta ban saba zama in yi doguwar magana da ita ba, sai na tsinci kaina ina kallon keken ɗinkin maimakon fuskarta.

Na ce, "Shekarar da Iya ta kwanta, wata Lahadi na ga kayenki na lissahi. Na ga babu komi a ciki. Na ruhe na aje."

Ba ta daina taka keken ba sai da ta kai ƙarshen layin. Ta yanke zaren da haƙori.

"Na sani, Mama," ta ce. "Ni na aje shi a buɗe don ki gani."

Na ce, "Kina so in dawo ke nan."

"A'a. Da kin tambaye ni, cewa zan yi ki ƙarasa, wata huɗu ne. Da gaske nake." Ta ninke rigar da ta gama ta ɗora kan sauran. "So nake kawai ki kira ni ki ce, Hadiza, na gani. Ina tsaye bayan ƙofa ina jira, sai na ji kin ce in kawo ruwan wankan Iya."

Na buɗe baki zan roƙe ta gafara. Ta dube ni, matar da yanzu ita ma ke da ɗiya a koleji, ta jawo kujera da ƙafa ta tura mini.

"Zauna, Mama, kin daɗe tsaye. Na yahe tun tuni, Allah ya yahe mu duka."

Na zauna. Ta ɗauki yadin da na kawo ta warware shi, ta ce wanda ya sayar mini ya cuce ni, zai zuba a wankin farko. Na yini a shagon nan har la'asar ina sa mata maɓalli a rigunan mutane, ita tana gyara mini waɗanda na sa a karkace.